Siffar Haruffa da Sauƙin Karatu: Misali Daga Ɗab'in Ƙagaggun Labarai a Japan

Gabatarwa

Wajibi ne malami ya san cewa siffar haruffan da aka buga littafi da su tana iya zaunar da mai karatu, tana kuma iya korar sa. Za a nazarci wannan batu ta hanyar duban yadda Japanawa ke buga ƙagaggun labarai.

Tsarin Rubutun

Japananci yana haɗa nau'o'in rubutu uku: kanji, wato alamomin da aka aro daga Sin, sai hiragana da katakana masu wakiltar gaɓoɓi, kowanne da alamomi 46 na asali. Kanjin da hukuma ta ware domin amfanin yau da kullum a 2010 sun kai 2,136. Ana jera labari daga sama zuwa ƙasa, layuka kuma su tashi daga dama zuwa hagu.

Salon Minco

Galibin ƙagaggun labarai da salon Minco ake buga su, wanda ya samo sunansa daga daular Ming ta Sin. Zanensa na kwance siriri ne, na tsaye mai kauri, sannan akwai ɗan tudu mai kusurwa uku a ƙarshen na kwance. Salon ya kafu a Japan bayan Motoki Shozo ya koyi zubin haruffan ƙarfe daga William Gamble a Nagasaki a 1869.

Sai dai ba a kanji gwanintar take ƙarewa ba. Hiragana ce ta fi yawa a shafin labari, don haka akan zana ta ƙarama kaɗan, tare da kiyaye lanƙwasar rubutun hannu, domin ido ya gangara ba tuntuɓe. Idan ta yi girma, shafi yakan cushe. Idan ta ƙanƙance ainun, layi yakan tsintsinke. Bisa wannan fahimta kamfanin Jiyukobo ya fitar da Yu Mincho a 2002, da nufin buga labaran tarihi.

Kammalawa

Harafi nagari shi ne wanda mai karatu ba ya lura da shi, domin hankalinsa yana kan labari. Ya kamata malami ya duba wannan kafin ya zaɓa wa ɗalibai littafi.

Auna Fahimta

1. Kawo siffofi uku na salon Minco.
2. Ɗauki littattafan Hausa biyu, ka kwatanta yadda ɓ, ɗ da ƙ suka fito a cikinsu.