Amsar Tambaya: Wane Littafi Zan Ba 'Yata?

Tambaya: 'Yata tana makarantar sakandare, ta ce jarumtar mace sai a littattafan Turawa. Me zan ba ta ta karanta?
Wata uwa daga Dogon Kiriya

Amsa: 'Yar'uwa, abin nema yana ƙofar gidanki. Ki samo mata "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, wanda ya rubuta da Faransanci, aka buga a 1980. Labarin Sarauniya Mangu ne ta Lugu, nan cikin Arewa, wadda ta ja da rundunar sojojin Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, lokacin da suke ƙone garuruwa suna karkashe mutane.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubucin ya sa mace a gaban maza wajen shawarar yaƙi, ya kuma fallasa rainin da sojojin Faransa suke yi wa baƙar fata. Amma ki gaya mata ƙagaggen labari ne: Mamani ya ƙara wa tarihi gishiri. In ta gama, ku nemi fim ɗin da Med Hondo ya yi a 1986, sannan ta tambayi tsofaffi abin da suka ji game da Lugu.