Bambanci Tsakanin Mura da Ciwon Nimoniya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya dace da wasu cututtuka biyu da ake yawan rikitawa a gidajenmu, wato mura da nimoniya, wadda Hausawa ke kira sanyin haƙarƙari. Dukkansu sukan fara da tari da zazzaɓi, amma mura takan wuce da kanta, nimoniya kuwa tana kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2019 nimoniya ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan maƙala za ta nuna yadda ake rarrabe su.

Mece Ce Mura?

Mura cuta ce ta hanci da maƙogwaro, ƙwayoyin bairas ne ke kawo ta. Alamominta su ne atishawa, majina, toshewar hanci, ƙaiƙayin maƙogwaro da tari. In akwai zazzaɓi, yawanci ba mai zafi ba ne. Mai mura yana cin abinci, yaro ma yakan tashi ya yi wasa. Cikin kwana 7 zuwa 10 takan tafi, ko da yake tarin yana iya ɗan jimawa.

Mece Ce Nimoniya?

Ita kuwa nimoniya a huhu take. A cikin huhu akwai ƙananan jakunkunan iska. Idan bakteriya ko bairas suka shiga, sai jakunkunan su cika da ruwa ko mugunya, iska ta kasa isa ga jini yadda ya kamata. Shi ya sa majinyaci yake numfashi sama-sama. Babban mutum yakan ji makyarkyata da suka a haƙarƙari idan ya yi tari, tsoho kuma yana iya rikicewa. Sunan sanyin haƙarƙari ya sa wasu suna zaton iskar hunturu ko dukan ruwan sama ne ke kawo ta, alhali ƙwayoyin cuta ne. Wani lokaci ma a bayan mura take shigowa.

Yadda Ake Rarrabewa

Ƙarar tari ba ta nuna tsananin ciwo, haka ma launin majina. Abin dubawa shi ne numfashi. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka. A ɗaga rigarsa, a dubi agogo, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif. Hawan ciki da saukarsa shi ne numfashi ɗaya. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

1. 60 ga jariri ɗan ƙasa da wata 2.
2. 50 ga ɗan wata 2 zuwa wata 11.
3. 40 ga ɗan shekara 1 zuwa shekara 5.

Sannan a lura da ƙasan ƙirji. Idan yana lotsawa ciki a lokacin da yaro ke shaƙar iska, to huhu yana wahala. Duk wanda aka ga ɗaya daga waɗannan a jikinsa, a kai shi asibiti a ranar. In kuwa ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya galabaita ba ya farkawa sosai, ko leɓɓansa sun yi shuɗi, kada a jira gari ya waye.

Magani da Rigakafi

Mai mura hutu yake bukata da shan ruwa sosai. Maganin kashe bakteriya ba ya yi wa mura komai, saye shi a kemis asarar kuɗi ce. Nimoniyar bakteriya kuwa tana jin magani irin su amoksisilin, amma ma'aikacin lafiya ne zai rubuta, kuma a shanye shi duka.

Tun shekarar 2014 Nijeriya ta fara sa allurar rigakafin nimoniya cikin alluran yara, ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14. Shayar da nono zalla na wata 6, wanke hannu, da nisanta yara daga hayaƙin itace su ma kariya ne.

Kammalawa

A taƙaice, mura tana hanci, nimoniya tana huhu, kuma numfashi ne ke tona asirinta. Duk wanda ke da agogo ko waya zai iya wannan ƙirge. Mu koya, mu kuma koyar da iyayenmu mata da ƙannenmu idan mun koma gida hutu.