Kafin a Kai wa 'Yan Gwangwan: Yadda Ake Gane Shekarun Tsofaffin Kayan Aiki

Da wuya a rasa gidan da babu wani buhu ko akwati a lungun zaure cike da kayan aikin da magabata suka bari: zarto, sifana, awartaki, ko kan keken ɗinki da tsatsa ta rufe. Mai baron gwangwan zai ɗora su a sikeli ya biya kuɗin kilo, shi ke nan an rabu da su. A Turai da Amurka akwai masu tara irin waɗannan kaya, kuma abin da suke dubawa don sanin shekarunsu kowa zai iya dubawa a tsakar gidansa.

1. Kada a fara da kankara. Samfefa da injin gurza ƙarfe suna tafiya da tsatsa har da rubutun da ke ƙarƙashinta, alhali rubutun nan shi ne shaidar. A jiƙa tsumma da kananzir a shafe, a bi da tsohon burushin haƙori. In haruffan sun dushe, a goga alli a kai sannan a share da yatsa. Farin zai maƙale a cikin ramukan har a iya karantawa. Sabon fenti kuwa rage wa kayan daraja yake yi.

2. A nemi sunan ƙasar da ta ƙera shi. A ganina wannan ya fi kowace hanya sauƙi, don ƙasashe ma suna sauya suna. Abin da aka buga wa "West Germany" an yi shi ne tsakanin 1949 da 1990, kafin Jamus ta sake haɗewa. "Occupied Japan" na tsakanin 1947 ne da 1952, lokacin da Japan ke hannun sojojin Amurka. Mai "USSR" ya riga ƙarshen 1991, mai "Czechoslovakia" kuma ya riga 1993.

3. Lambar rajistar ƙirƙira, wato "patent", tana faɗin gaskiya, amma rabinta. A Amurka an kai lamba miliyan ɗaya a 1911, miliyan biyu a 1935, miliyan uku a 1961, miliyan huɗu a 1976. Filayar da ke ɗauke da lamba miliyan biyu da ɗoriya ba ta riga 1935 ba. Sai dai kamfani kan ci gaba da buga lambar shekaru da yawa bayan haka.

4. A lura da tambari. Kayan kafinta na Stanley masu haruffan S.W. a cikin zanen zuciya na wajen 1920 ne zuwa tsakiyar shekarun 1930. Kayan kamfanin Record na birnin Shafil a Ingila an san su da shuɗin fenti. Alamar kan kibiya mai layi uku tana nuna kayan gwamnatin Birtaniya ne, galibi na soja, kuma sau da yawa shekarar tana gefenta.

5. Keken ɗinki ya cancanci a tsaya a kansa, don tsohon inji ne da ake yawan samu a gidajenmu. Singer tana buga lamba a kan faifan keken, ta gaba daga hannun dama. Kafin 1900 lambobi ne zalla, daga nan aka fara sa harafi a gabansu, kuma akwai jerin waɗannan lambobi a intanet da ke nuna shekarar kowane rukuni. Harafin K a sunan samfuri, kamar 15K ko 99K, yana nufin masana'antar Kilaidbank ta Sikotland, wadda aka rufe a 1980. Wasu kekunan suna da tambarin cika shekara ɗari mai ɗauke da 1851 da 1951. A yi hattara kuma: kekuna da yawa, irin su Butterfly na ƙasar Sin, an ƙera su ne da siffar Singer, kuma wasu 'yan kasuwa kan manna wa irinsu sunan da ba nasu ba. A amince da lambar da aka buga a ƙarfe, ba sitika ba.

6. Injin huda ko na yanka mai jikin alminiyam gaba ɗaya galibi ya girmi mai jikin roba. In wayoyinsa na ciki ja ne da baƙi da kore, irin na Ingila ne na kafin wajen 1970. Don Allah kada a jona shi a soket don gwaji. Robar wayar ta bushe, jikin kuma ƙarfe ne. Na Amurka ma an yi shi ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce. Mai gyaran lantarki ya fara dubawa.

7. Gizago, gatari, lauje da masabar da maƙeranmu suka yi ba su da lamba ko tambarin kamfani. Kada a auna shekarunsu da ƙota, don ana iya sauya ƙota sau da yawa ruwan yana nan. A kai wa tsohon maƙeri ya duba yadda aka daki ƙarfen, a tambayi dattawan gida wa ya saya, a wace kasuwa, a zamanin wane sarki. A rubuta amsar a takarda da sunan mai shi na farko, a ɗaure ta a jikin kayan.