Ɗana Ɗan Shekara 8 Yana Fama Da Gyambon Ciki

TAMBAYA: Likita, ɗana ɗan shekara 8 ya daɗe yana kukan ciwon ciki da tashin zuciya. A asibiti an ce ƙwayar cutar Helicobacter pylori ce ta jawo masa gyambon ciki. Kakarsa ta ce a jiƙa masa kanwa. Ya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Sannu da ɗawainiya 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ana warkewa.

Tumbi yana da wani yauƙi da ya lulluɓe bangonsa don kada ruwan tsami mai narka abinci ya ƙone shi. Ƙwayar nan a cikin yauƙin take ɓuya, tana fitar da sinadarin amoniya don kare kanta. A hankali bangon ya kumbura, kariyar ta raunana, ruwan tsamin ya fara cin naman. Wani yaron har jininsa ya ragu. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, ta gurɓataccen ruwa ko yawun 'yan gida.

Magani sai na likita: kala 2 na masu kashe ƙwayar cuta da mai rage tsami, galibi kwana 14. Ko ya ji sauƙi a kwana na 3, kada ki tsaya. Bayan sati 4 da gamawa a sake gwaji.

Kanwa kuwa, a ba Kaka haƙuri, ba ta kashe ƙwayar. Kada ki ba shi ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara ɗaye bangon. In kika ga baƙin kashi ko aman jini, ki garzaya da shi asibiti nan take.