Shirin Ɗan Sanda Kafin Tafiya Aikin Kiyaye Zaman Lafiya

Tun a shekarar 1960, da rikici ya ɓarke a ƙasar Kwango, 'yan sandan Nijeriya da na Gana suka fara fita waje ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya na Nijeriya sun je Namibiya, da Laberiya, da Darfur, da Mali. Duk da haka har yau akwai masu zaton tafiyar neman dala ce kawai, a dawo a gina gida a sayi mota. Alawus kam akwai shi, ba mai musu. Amma kafin mutum ya taka jirgi sai an yi tankaɗe da rairaya.

Masu tafiya kashi biyu ne. Akwai runduna ta mutum kamar 140 da ke tafiya da makamanta da motocinta don kwantar da tarzoma da tsaron ma'aikata. Akwai kuma wanda ake ɗauka shi kaɗai, ya je ya koyar da 'yan sandan ƙasar, ya ba su shawara. Shi wannan sai ya shekara biyar a bakin aiki, sa'an nan Majalisar ta aiko jami'anta su jarraba shi.

Jarrabawar ba ta ƙarfin tuwo ba ce. Za a kunna masa labarin wani hatsari ko sata da Turanci ko Faransanci, ya saurara, ya rubuta rahoto: wa aka yi wa, a ina, da ƙarfe nawa. Daga nan a miƙa masa makullin mota mai giyar hannu, a ce ya yi baya da ita ya shigar tsakanin alamun da aka jera, kada ya ture ko ɗaya. Nan ne manya da yawa ke jin kunya, domin wanda ya saba direba ke jansa ƙafarsa ta manta kuloci. Harbi kuwa sai ga mai zuwa inda ake riƙe bindiga.

To, a lura da wannan da kyau. Ban da wurare kaɗan, irin su Kosobo da Timor ta Gabas a 1999, ɗan sandan Majalisa ba shi da ikon kama kowa. Baƙo ne, aikinsa kallo da lallashi da rubutu. A Darfur, mata kan fita daga sansanin gudun hijira neman itacen girki, mahara su tare su a daji. Sai aka riƙa yi musu rakiya, mota na bin su sannu a hankali har su ɗaure kayansu su juyo. Wadda aka ci wa zarafi kuwa ba za ta buɗe baki gaban namiji baƙo da tafinta ba. Shi ya sa ake neman 'yan sanda mata ruwa a jallo. A 2007 Indiya ta aika runduna ta mata zalla zuwa Laberiya. Cibiyar Kofi Annan da ke Akara da makarantar Alioune Blondin Beye da ke Bamako suna daga cikin wuraren da ake koyar da irin wannan aiki.

Tsabta ma darasi ce. A 2010 ƙazanta daga sansanin sojojin Majalisa ta shiga kogi a Haiti, kwalara ta kashe mutum kusan 10,000.

Saura hali, wanda horon makonni kaɗan ba ya gyarawa. Wanda ya saba miƙa hannu a shingen bincike yana jiran na goro, da hannun nan zai sauka a ƙasar da aka tura shi. Tun 2003 dokar Majalisar ta haramta kusantar duk wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta yaudarar mace da kuɗi ko abinci ko alkawarin aiki. Wanda aka samu da laifi akan taso ƙeyarsa gida, a bar wa ƙasarsa hukunta shi, a kuma soke sunansa daga cikin waɗanda za a sake ɗauka.