Amsoshin Tambayoyinku: An Ba Ni Tallafin Bincike, In Sa Hannu Kawai?

Tambaya: Ni malami ne a wata jami'a a Yola. Wata gidauniyar ƙasar waje ta yarda ta ɗauki nauyin binciken da zan yi kan ambaliyar Kogin Binuwai da manoman shinkafa. Sun turo yarjejeniya mai shafuka da yawa. Abokan aiki sun ce in sa hannu da wuri kada damar ta kuɓuce. Mece ce shawararku?
Daga wani mai karatu, Jimeta.

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri. Amma ka dakata tukuna. Irin wannan yarjejeniya galibi tsakanin gidauniya ne da jami'a, kai jagoran bincike ne kawai. Ka kai ta ofishin kula da bincike, lauyan jami'a da ofishin kuɗi su ma su duba. Neman gyara ba rashin godiya ba ne, masu ba da tallafi sun saba da shi.

Fara da kuɗin. Da dala aka rubuta kasafin ko da naira? Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda aka ƙayyade masa naira a lokacin, kuɗin man zuwa ƙauyukan Fufore da Numan kaɗai ya isa ya cinye kasafinsa. Ka nemi a rubuta farashin canjin da za a bi, da iznin sauya kasafi idan kaya suka tashi. Ka kuma tabbatar ko za a ba da kuɗi a gaba, ko sai jami'a ta kashe nata a biya ta. Wannan na biyun yana tsayar da aiki cak. Idan jami'arku ta tarayya ce, kamar Modibbo Adama, tambayi asusun da kuɗin zai shiga, domin a 2024 gwamnati ta sanar da cire irin wannan tallafi daga asusun bai-ɗaya na TSA.

Akwai kuma kason da jami'a ke ɗauka daga tallafin domin lantarki, ofis da ma'aikata. Gidauniyar Gates, alal misali, ba ta wuce kashi 15 cikin 100 ga jami'o'in da ke wajen Amurka. A daidaita wannan tun yanzu, kada a zo ana yankar kuɗin aikinka daga baya.

Sakin layin da na fi so ka karanta da natsuwa shi ne na soke yarjejeniya. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan hukumarta ta ba da agaji, USAID, ba zato ba tsammani, mutane da yawa suka wayi gari da ma'aikata da basussuka a wuyansu. Ka nemi wa'adin sanarwa, da alkawarin biyan duk abin da aka riga aka kashe. Ɗaliban da za su shiga gonaki da takardun tambayoyi haƙƙinsu yana kanka.

Sannan bayanan manoman nan, na wane ne? Kada ka yarda da sharaɗin da zai hana ka ko ɗalibanka buga sakamako. Sunaye da lambobin wayarsu kuwa amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe su.

Ka rubuta wa gidauniyar yau, ka gode musu, ka nemi mako biyu jami'a ta duba takardar. Duk gyaran da kuka amince da shi a waya, a sa shi a rubuce. Allah ya ba da sa'a.