DARASI: Yadda A Ke Shari'ar Gasar Magana ta Yara

A karanta: Littafin Firistoci 19:15, Yaƙubu 2:1-4, Ayyukan Manzanni 18:24-28.

'Yan'uwa cikin Almasihu, a ekklesiyoyi da yawa akan shirya gasar magana domin yaran makarantar Lahadi. Wannan abu ne mai kyau, gama yaron da ya koyi tsayawa gaban mutane yau, shi ne gobe zai karanta Littafi Mai Tsarki cikin sujada, ya koyar, ko ya yi wa'azi. Amma akwai hatsari a ciki. Idan alƙalai suka ba yaro kyauta saboda ubansa, ko suka bi mai ƙarar murya suka bar mai ma'ana, wanda aka zalunta yakan rufe bakinsa, wani ma ba ya ƙara buɗe shi. Saboda haka lalle ne a kafa dokoki tun kafin ranar, a kuwa bi su.

Akwai waɗanda suka riga mu tsara wannan aiki. A shekarar 1924 wani ma'aikacin YMCA, watau ƙungiyar samari Kirista, mai suna Ralph Smedley, ya kafa ƙungiyar koyon magana a garin Santa Ana na ƙasar Amurka. Sunanta Toastmasters. Gasarsu ta manya ce, amma za mu iya aron tsarinsu, mu gyara shi daidai da ƙarfin yara.

DOKOKIN GASA

1. A raba yara bisa ga shekarunsu. Kada a haɗa ɗan shekara 9 da ɗan shekara 15.

2. A sanar da kan magana mako biyu ko uku kafin ranar, ga kowa a lokaci ɗaya. Iyaye da malamai su taimaka da shawara, amma kada su rubuta wa yaro jawabinsa.

3. A yi ƙuri'a domin a san wanda zai fara. Ta haka ba wanda zai ce an zaɓa wa wani wuri mai daɗi.

4. A yanka lokaci. A babbar gasar Toastmasters ana ba mai magana minti 5 zuwa 7, wanda kuwa ya wuce minti 7 da rabi an fitar da shi. Ga ƙanana minti 3 ya isa, manya kuma minti 5. A sa mutum ɗaya ya riƙe agogo, ya ɗaga ƙyalle sa'ad da saura minti ɗaya, ya buga ƙararrawa in lokaci ya cika.

YADDA A KE RABA MAKI

Maki duka 100 ne, kashi uku, kamar yadda Toastmasters su ke yi. Kashi na fari, abin da aka faɗa, maki 50: yaron ya tsaya kan magana? Jawabinsa yana da mafari da tsakiya da ƙarshe? Mai ji ya tafi gida da wani abu? Na biyu, yadda aka faɗe shi, maki 30: murya ta kai kujerar baya? Ya dubi mutane ko ƙasa ya ke duba? Na uku, harshe, maki 20: kalmomi sun dace, ya kuma furta su sarai?

Ga misali. Wani yaro ya yi magana da murya kamar tsawa, jama'a suka yi ta tafi, amma ya maimaita abu ɗaya sau huɗu. Ya sami 20 da 28 da 17, duka 65. Wata yarinya ta yi magana a hankali, muryarta tana rawa, amma ta kawo dalilai uku a jere, ta rufe da kyau. Ta sami 42 da 18 da 15, duka 75. Yarinyar ce ta ci, ko da ya ke tafin yaron ya fi yawa.

HALIN ALƘALI

A zaɓi alƙalai uku ko biyar. Kada uba, ko uwa, ko malamin wani mai gasa ya zauna a kujerar, gama so hana ganin laifi. Su zauna dabam dabam, kowa ya rubuta makinsa ba tare da shawara ba, sa'an nan wani mutum ya haɗa lissafi. Yaƙubu ya tsawata wa masu ba mai zoben zinariya wuri mai kyau su bar matalauci a tsaye. Littafin Firistoci kuwa ya hana son kai ta fuska biyu, ko ga babba ko ga matalauci. Watau kada a ƙara wa ɗan dattijon ekklesiya maki don kunyar ubansa, kada kuma a ƙara wa maraya don tausayi. In kana tausayinsa, ka zauna da shi ka koya masa kafin gasa mai zuwa.

BAYAN GASA

Aikin alƙali bai ƙare da ba da kyauta ba. Afolos mutumin Iskandariya gwanin magana ne, amma saninsa bai cika ba. Da Biriskilla da Akila suka ji shi a majami'ar Afisa, ba su kunyata shi gaban jama'a ba. Suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani, daga baya ya zama taimako ƙwarai ga masu bi na Akaya. Haka za mu yi. A kira kowane yaro shi kaɗai, a gaya masa abu biyu da ya yi daidai, da abu ɗaya da zai gyara. A fara da wanda ya zo na ƙarshe, gama shi ya fi bukatar ƙarfafawa.

TAMBAYOYI

1. Don me abin da aka faɗa ya fi murya yawan maki?
2. Wace irin tara biyu ce Littafin Firistoci 19:15 ya hana?
3. In ɗan fasto da maraya suka yi kunnen doki, me alƙalai za su yi?

Mu yi addu'a Ubangiji ya ba alƙalanmu gaskiya, ya kuma buɗe bakin 'ya'yanmu domin aikinsa.